Haɗa Tsohon Allon Kwamfuta Da Sabo: Abin Lura Kafin A Fid Da Kuɗi

A wannan wata za mu duba wata tambaya da ke yawan zuwa mana daga iyaye da ɗalibai, da kuma matasanmu masu neman abinci da kwamfuta a cikin zango. Tambayar ita ce: mutum yana da tsohon allon kwamfuta, watau monita, wanda ke aiki lafiya lau, ga shi kuma yana son ya ƙaro sabo irin mai saurin nan da masu wasan kwamfuta ke yayi. Shin zai iya haɗa su biyun a kan kwamfuta ɗaya su zauna lafiya, ko kuwa tilas ne ya yar da tsohon ya sayo tagwaye?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin kuwa maganar kuɗi ce. Mai buga takardu, da mai zana katin aure da na suna, da mai haɗa bidiyon biki, duk sun gane cewa allo biyu ya fi ɗaya sauƙin aiki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau da yawa kuma kwamfutar da ake aiki da ita da rana ita ce ake wasa da ita da dare. Amsarmu ita ce, za su zauna, kuma babu dalilin yar da allon da ke da lafiya. Asarar da ta fi yawa tana faɗa wa wanda ya biya kuɗin allo mai sauri, ya kai gida ya jona, allon ya ci gaba da tafiya da saurin tsohon, shi kuwa bai ma sani ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Mece ce wannan lamba da ake rubutawa a jikin kwali?

Duk wanda ya zauna a aji ya san yadda malami ke yi da allo: ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. To haka allon kwamfuta yake, sai dai shi yana sake zana hoton da ke kansa ne sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, har ido ya ɗauka abu ne mai motsi. Yawan wannan sabuntawa a daƙiƙa shi ake aunawa da Hz, ana furta shi haz, sunan da aka ɗauko daga wani masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya rayu daga 1857 zuwa 1894. Allo mai 60 Hz yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, mai 144 Hz kuma sau 144.

In muka raba daƙiƙa gida 1,000, allo mai 60 yana riƙe kowane hoto na tsawon kashi 16.7, mai 120 yana riƙewa kashi 8.3, mai 144 kuwa kashi 6.9 kacal. Bambancin da ke tsakanin 60 da 144 ke nan bai kai kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Ga mai rubuta wasiƙa ko mai shigar da makin ɗalibai, wannan bambanci ba zai ƙara masa komai ba face ɗan santsin tafiyar linzami. Amma ga mai wasan harbi irin su Counter-Strike 2, wanda ya fito a 2023, inda wanda ya riga ganin abokin karawarsa shi ke ci, bambancin na gaske ne, kuma idon da ya saba yana ganin sa nan take.

Manyanmu da suka yi aiki da tsohon allo mai ƙusumbi, irin na kwalba, za su tuna yadda yake ƙifce-ƙifce in an bar shi a 60, har sai an ɗaga shi zuwa 75 ko 85 kafin ido ya huta. Allon zamani mai faɗi ba haka yake ba, domin hotonsa yana tsayawa cak har na gaba ya zo. Saboda haka kada wani ya tsorata mu da cewa 60 na ɓata ido kamar yadda na da yake yi.

Allo daban, katin hoto daban

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Allo ba ya ƙirƙirar hoto, nunawa kawai yake yi. Mai zana hoton shi ne katin hoto da ke cikin kwamfuta, irin na Nvidia ko AMD, ko ƙaramin da Intel ke haɗawa cikin ƙwaƙwalwar na'urar. In katin ba ya iya zana fiye da hoto 50 a daƙiƙa a wani wasa, to ko an kawo allo mai 240, hoto 50 ɗin nan ne dai zai riƙa maimaitawa. Kamar a sayi babbar tukunya ne alhali tsabar da ke gida mudu ɗaya ce.

Masu ɗakunan wasa su lura da wannan musamman. PlayStation 4 ba ta wuce 60 ko da wane allo aka jona mata. PlayStation 5, wadda ta fito a 2020, tana kaiwa 120, shi ma sai a wasannin da aka tsara don haka. Saboda haka wanda ya sayo allo mai 144 don PlayStation 4 ya biya kuɗin saurin da ba zai taɓa gani ba.

In katin da allon ba su daidaita ba, akan ga hoto ya yage gida biyu, sama da ƙasa ba su haɗu ba. Don magance wannan ne Nvidia ta fito da G-Sync a 2013, AMD kuma ta fito da FreeSync a 2015. Dabarar ita ce allo ya riƙa jiran katin, ya sabunta a daidai lokacin da hoto ya kammala. Tun daga 2019 katin Nvidia ma yana aiki da yawancin alluna masu FreeSync ta wayar DisplayPort. In sabon allonka yana da wannan, a kansa kaɗai za ka kunna, tsohon ba ruwansa.

Inda tsoron haɗawa ya samo asali

Masu cewa kada a haɗa alluna masu saurin da ya bambanta ba ƙarya suka ƙaga ba, tsohon labari suke bayarwa. Tun daga Windows Vista akwai wani sashe na manhajar da aikinsa shi ne tattara duk tagogin da ke buɗe ya jera su kafin a aika wa allo, kuma daga Windows 8 na 2012 ba a iya kashe shi. Shekaru da dama wannan sashe yana fama in an ba shi alluna biyu masu gudu daban. Mutum yana wasa a mai 144, da zarar an kunna bidiyo a mai 60, sai wasan ya fara ɗingishi kamar an ja shi baya zuwa 60. Ku ɗauka malami ɗaya ne ke koyar da aji biyu, ɗaya ana kaɗa masa ƙararrawa bayan minti 30, ɗaya bayan minti 45, shi kuwa agogo ɗaya gare shi.

An rage wannan matsala ƙwarai a Windows 10 fitowa ta 2004. Kada lambar ta ruɗe ku, suna ne kawai, a watan Mayu na 2020 aka sake ta. Windows 11, wanda ya zo a watan Oktoba na 2021, ya gaji wannan gyara. To amma da yake yawancin kwamfutocin da ke shigowa kasuwanninmu na Akra da Kumasi na hannu ne, akan sami waɗanda ke ɗauke da tsohuwar manhajar da ba a taɓa sabuntawa ba. Mai son ya san tasa, ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta winver, zai ga lambar fitowar. Mu kuma tuna cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka wanda na'urarsa za ta ɗauki Windows 11 ya kamata ya duba batun ƙaura. Masu amfani da Linux kuwa, tsohon tsarin X11 shi ne mai wannan ciwo, sabon tsarin Wayland yana bai wa kowane allo nasa saurin.

Ɗan lissafin firamare

Akwai wani ɗingishin da ba laifin manhaja ba ne, lissafi ne tsagwaronsa. Fim na silima hoto 24 ne a daƙiƙa. Talabijin irin namu na nan, wanda aka gina bisa wutar lantarki mai 50 Hz, hoto 25 ne, na Amurka kuma kusan 30, saboda wutarsu mai 60 ce. Bidiyon intanet yawanci 30 ne ko 60.

Yanzu a ɗauko alli. In aka raba 144 da 24, ana samun 6 cif, watau kowane hoton fim zai zauna sau 6 a allon, tafiya sumul. Amma in aka raba 144 da 60, ana samun 2.4, wanda ba ya rabuwa daidai. Sai allon ya riƙe wani hoto sau 2, na bayansa sau 3, na gaba sau 2, haka nan dai, ido mai lura kuma ya ga ɗan tsalle-tsalle, musamman in kyamara tana bin ƙwallo a fili. Sai mu gwada 120: a raba da 24 a sami 5, a raba da 30 a sami 4, a raba da 60 a sami 2. Duka sun rabu ba saura.

Wannan ne ya sa muke ba da shawarar cewa, wanda ya haɗa mai 144 da mai 60 ya ga ana ɗingishi, ya sauke sabon zuwa 120 ya gani. Abin da zai rasa bai kai kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa a kowane hoto ba, ga shi kuma 120 ninki biyu ne na 60 daidai, alluna biyun sun sami matakin da za su riƙa haɗuwa.

Waya ita ce hanya

Allo mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. A sauri 60, ɗigo sama da miliyan 124 ke bi ta waya kowace daƙiƙa. A sauri 144 kuwa sun kusa miliyan 300. Ƙunƙuntar hanya ba za ta ɗauki wannan kaya ba.

Wayar VGA, mai shuɗin kai, tun 1987 take, ta dace da tsohon allo amma ba da sabo ba. HDMI kuwa hawa-hawa ce: ta 1.4 ta fito a 2009, ta 2.0 a 2013, ta 2.1 a 2017, kowace ta fi ta bayanta faɗin hanya, alhali bakinsu iri ɗaya ne, ido ba ya bambancewa. Abin da ya fi muhimmanci ma shi ne kafar da ke jikin allon kanta. Ga misali: ASUS VG248QE, wanda ya fito a 2013 ya kuma yi suna wajen masu wasa, yana ba da 144 ta DisplayPort ko ta DVI mai hanya biyu, amma ta HDMI iyakarsa 60. Alluna da dama na wancan zamani haka suke, kuma irinsu ne ke zuwa mana a gwanjo. Mutum ya jona da HDMI don ita ce a kusa, sai ya zauna a 60 yana zargin mai shago.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A ba sabon allo hanya mafi faɗi, watau DisplayPort in akwai, a bar wa tsohon HDMI ko VGA. A guji 'yan na'urorin nan masu juya wannan baki zuwa wancan, domin galibinsu a 60 suke tsayawa. A kwamfutar tebur mai katin hoto na daban, a tabbata a jikin katin aka jona, watau kafofin da ke ƙasa a kwance, ba waɗanda ke sama kusa da na linzami ba. Masu kwamfutar cinya kuma su sani ba kowace kafar USB-C ce ke fid da hoto ba, sai a duba littafin na'urar.

Yadda ake saitawa

Windows ba kullum yake ɗaga sabon allo zuwa iyakar saurinsa da kansa ba, sau da yawa a 60 yake ajiye shi har sai an gaya masa. Ga yadda ake yi. Da farko a danna maɓallin Windows tare da harafin P, a zaɓi Extend, watau kowane allo ya nuna nasa. In aka zaɓi Duplicate, alluna biyun suna nuna abu ɗaya, kuma galibi mai saurin yakan koma tafiyar maras saurin. Na biyu, a shiga Settings, sai System, sai Display, sai Advanced display. A can sama za a zaɓi allon da ake so, a ƙasa kuma a zaɓi saurinsa. A yi wa kowane allo nasa daban. In ba a ga 120 ko 144 a jerin ba, to a koma kan waya da kafa, nan ne matsalar take, ko kuma direban katin hoto ya tsufa yana son sabuntawa. Na uku, a mai da sabon allo shi ne babba, domin wasanni a kan babban allo suke buɗewa.

Bayan haka a tabbatar da ido, gani ya kori ji. A kama wata taga da linzami a ja ta daga wannan allo zuwa wancan, za a ga bambancin santsi ƙarara. Yawancin alluna kuma suna da 'yan maɓallai a gefe ko a ƙasa, in aka danna za su nuna saurin da suke kai a lokacin. In har yanzu wasa na ɗingishi duk sa'ad da bidiyo ke tafiya a ɗaya allon, a sa wasan ya cika allo gaba ɗaya maimakon ya zauna cikin taga, ko a shiga saitin burauza a kashe inda take jingina da katin hoto. In duk an yi bai bari ba, a rufe bidiyon har a gama wasan.

Batun wuta

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Katin hoto yakan rage gudun ma'ajiyarsa in ba a aiki mai nauyi, don ya huta ya rage cin wuta. Yana yin wannan sauyi ne a ɗan taƙin da ke tsakanin hoto da hoto, lokacin da allo bai karɓar komai. In alluna biyu suna tafiya da sauri daban, wannan ɗan taƙi nasu ba ya faɗuwa lokaci ɗaya, saboda haka wasu katunan sukan zauna da cikakken gudu dare da rana, ko da takarda kawai ake karantawa. Sakamakon shi ne ƙarin zafi, da ƙarar fanka, da ƙarin cin wuta.

Ga mu masu sayen wuta ta mita mai kati, da masu dogaro da janareta ko batirin ajiya in an ɗauke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saukewa zuwa 120 yakan warware shi a na'urori da dama. Haka kuma babu laifi mutum ya bar sabon allo a 60 da rana yana aiki, ya ɗaga shi da dare in zai yi wasa, aikin daƙiƙa kaɗan ne. Mai kwamfutar cinya ma zai ga batirinsa ya fi daɗewa in ya yi haka.

Rabon aiki da shawara ga mai saye

Tsarin da muka ga ya fi dacewa shi ne a ajiye mai saurin a gaba, daidai fuska, don wasa da duk aikin da ke da motsi. Tsohon kuma a gefe, don takardu, da lissafi, da saƙonni, da littafin da ake kwafa daga ciki. In ƙafarsa tana juyawa, a tsayar da shi a tsaye, zai nuna shafi guda cur kamar takarda, abin da masu buga takardu za su ji daɗinsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda zai je saye, musamman na hannu, kada ya tsaya ga abin da aka rubuta a kwali ko abin da aka gaya masa da baki. Ya sa a jona allon a gabansa, a buɗe saitin da muka ambata, ya ga lambar da idonsa, ya tambayi ta wace kafa aka samu, ya kuma karɓi wayar da aka gwada da ita. Kafin ma ya bar gida, ya duba bayan kwamfutarsa ya ga irin kafofin da take da su, ya kuma san ƙarfin katin hotonsa. In katin ne rarrauna, gara kuɗin su tafi can tukuna. Matambayi ba ya ɓata.

Ga iyaye kuma muna da magana ɗaya. In yaro ya ce yana bukatar allo na biyu don karatu, yana da gaskiya, yana taimakawa ƙwarai, kuma kowane allo mai 60 mai lafiya zai yi wannan aiki. Amma in ya ce sai mai 144, to wannan na wasa ne, babu wani darasi ko jarrabawa da ke bukatarsa. Ba muna cewa wasa laifi ba ne, muna cewa dai a kira kowane abu da sunansa, don uba ya san abin da yake biya, ya kuma yanke shawara daidai aljihunsa. Su kuma matasa da suka tara nasu da guminsu suka saya, su daure su koma gida yau su buɗe saitin nan su duba. Mai yiwuwa ne saurin da suka biya yana nan kwance tun ranar da aka kawo allon, yana jiran a danna masa maɓalli ɗaya.

A nan za mu dakata. Mai wata tambaya a kan wannan batu ko makamancinsa ya aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba.